Harshen da Sharaɗa, Challawa da Bompai ke buƙatar ji

Kasuwar Kano tana da yarenta na kuɗi tun kafin a haifi kakanninmu. Har gobe za ka ji dattijo a Kurmi ko Kantin Kwari ya ce fam biyar alhali naira goma yake nufi, ko ya ce jaka guda yana nufin naira ɗari biyu, duk da cewa tun 1973 aka daina kashe fam a ƙasar nan. Abokin cinikinsa ya gane, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Irin wannan fahimtar juna ce ta riƙe fataucin Hausawa shekaru aru-aru. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ba tare da wata takarda ba. Maigida ne ke tsayawa tsakanin baƙon da ya kawo shanu daga Arewa da mahaucin da zai yanka, mutuncinsa kuma shi ne jingina. Tsari ne da ya yi aiki, kuma har yanzu yana yi a inda kowa ya san kowa.

Sai dai masana'anta ba rumfar kasuwa ba ce. Bompai, wadda ta kafu tun zamanin Turawa, da Sharaɗa da Challawa waɗanda suka bunƙasa a shekarun 1970 bayan an ƙirƙiro Jihar Kano, wurare ne da ake zuba kuɗi yau don a girbe bayan shekara biyar ko goma. Mai kamfanin robobi a Sharaɗa, ko mai majemar fata a Challawa, ko mai matsar man gyaɗa a Bompai, kullum yana hulɗa da mutanen da ba su san mahaifinsa ba, ba su kuma taɓa yin salla a masallacin unguwarsu ba. Akwai jami'in banki da ke zaune a Legas, akwai ma'aikacin haraji, akwai Baturen Italiya da ke sayen jemammiyar fata, akwai kamfanin Sin da ke sayar da injin. Duk cikinsu babu wanda zai karɓi "ai an san mu" a matsayin amsa. Abin da suke ji shi ne rahoton kuɗi da aka tsara bisa ƙa'idar da su ma suka sani. Wannan ne ya sa nake gaya wa ɗalibaina tun ranar farko cewa ilimin akanta harshe ne kafin ya zama lissafi, kuma amfanin harshe yana ga yawan masu jin sa.

Nahawun wannan harshe bai kai wahalar da ake ba shi ba. Kowace mu'amala tana da fuska biyu, wato inda kuɗi ya fito da inda ya tafi. Idan kamfani ya karɓi bashin naira miliyan hamsin ya sayi injin, za a rubuta injin a ɓangaren abin da kamfani ya mallaka, a rubuta bashin a ɓangaren abin da ake bin sa. A kowane lokaci, jimillar dukiyar kamfani dole ta yi daidai da bashin da ke kansa haɗe da jarin masu shi. In ba su daidaita ba, to akwai abin da aka manta, ko abin da aka ɓoye. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ne ya fara buga bayanin wannan tsari a birnin Benis a 1494, kuma ba shi ya ƙirƙire shi ba, abin da ya tarar fataken garin suna yi ne ya rubuta. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga umarnin rubutu, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ke karanta wannan aya a kowane tafsirin azumi ita ce ke ɗaukar neman rasit a matsayin rashin yarda.

Kamar kowane harshe, wannan ma yana da daidaitacciyar hanyarsa da hukumomin da ke kula da ita. An kafa ƙungiyar akantoci ta ICAN da dokar 1965, ita kuwa ANAN ta samu amincewar doka a 1993. A 2011 aka kafa hukumar FRC mai kula da yadda ake bayar da rahoton kuɗi, sannan daga Janairun 2012 Najeriya ta fara aiki da ƙa'idojin duniya na IFRS, aka fara da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, ƙanana da matsakaita kuma aka sanya musu 2014. Ma'anar wannan ita ce, in kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills da ke Bompai, wanda ya daɗe a kasuwar hannun jari, ya fitar da rahotonsa, mai zuba jari a Landan ko Dubai zai karanta ya gane ba tare da ya taɓa taka titin Maimalari ba. Maƙwabcinsa da ke bayan katanga, wanda wataƙila ma ya fi shi cinikin wata hajar, ba shi da wannan murya.

To me ake asara in babu ita? Bari mu ɗauki misali, kuma misali ne kawai na ƙaddara domin mai karatu ya bi ni a hankali. A ce wani Alhaji yana da kamfanin bokitai da kujerun roba a Sharaɗa. Ya sayi ƙwayar roba ta naira miliyan goma, ya sarrafa, ya biya wuta da dizal da albashi miliyan biyu, ya sayar da kayan miliyan goma sha huɗu. A ƙwaƙwalwarsa ya ci ribar miliyan biyu, har ya ɗebi ɗaya ya yi hidimar gida. Da ya koma sayen ƙwaya, sai ya tarar adadin da ya saya miliyan goma yanzu miliyan goma sha uku ne. Abin da ke hannunsa, bayan wanda ya ɗiba, miliyan goma sha ɗaya ne. Ke nan a zagaye na biyu injinsa zai yi aiki ƙasa da na farko, a na uku ya ƙara raguwa, shi kuwa yana ta godiya cewa kasuwa na tafiya. Wannan shi ne lissafin dokin Rano, kuma ba tatsuniya ba ce ga duk wanda ya yi sana'a a 2023 da 2024. A watan Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. Da aka saki naira a watan Yuni, sai ta yi ta zamewa har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, a shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta ihu, wato tsufan injin. A ce Alhajin namu ya sayi injin na dala dubu ɗari lokacin da dala take 460, wato naira miliyan 46, kuma ana sa ran injin ya yi shekara goma. Ƙa'ida ta ce a riƙa cire miliyan 4.6 daga ribar kowace shekara a matsayin abin da injin ya ci na jikinsa. Wanda ba ya rubutu bai ma san da wannan cirewa ba, duk ribar tasa ce, sai ranar da injin ya tsaya cak ya fara zagayen neman rance. Wanda ke rubutu ya fi shi, amma shi ma kada ya saki jiki, domin ko da ya tara miliyan 46 ɗin cif, sabon injin a dala 1,500 miliyan 150 ne, abin da ya tara bai kai sulusi ba. A nan dole mu masu koyar da wannan fanni mu yarda cewa harshen namu yana da rauni: yana son ambaton abu da farashin da aka saye shi, ko da duniya ta canja. Akwai ƙa'ida ta musamman da ake ɗauka in hauhawar farashi ta kai kusan ninki cikin shekara uku, kuma an yi muhawara a kan ko Najeriya ta kai wannan matsayi, har FRC ta ce a farkon 2025 ba a kai ga amfani da ita ba. Ni dai ra'ayina, ko hukuma ta ce me, akantan da ya san aikinsa zai ajiye wa maigidansa lissafi na gefe da ke nuna nawa za a kashe a maye gurbin injin da kaya a farashin yau. Kamfanin Nestlé na Najeriya ya bayyana asarar kusan naira biliyan 80 a 2023, akasari saboda faɗuwar naira a kan bashin da ke kansa na kuɗin waje. Asara ce mai ɗaci, amma littafinsu ya faɗa musu ita da lamba, suka san girman ramin. Kamfanoni nawa ne a Sharaɗa suka faɗa irin wannan rami suna kiran sa "kasuwa ta yi sanyi"?

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce rashin rubuta lissafi ne ya rufe masaƙun Kano ba, ko ya mayar da wasu manyan masana'antun Bompai rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Kowa ya san rawar da rashin wuta ya taka, da fasa-ƙwaurin atamfa, da karyewar naira tun daga shirin SAP na 1986. Abin da nake cewa shi ne, iska ɗaya ce ta kaɗa kowa, amma wanda ya san nawa yake kashewa a kan kowane bokiti ya fi saurin gane lokacin da ya kamata ya ƙara farashi, ko ya daina wata haja, ko ya rufe da sauran jarinsa a hannu.

Majemun Challawa sun fi ba ni misalin yadda kalma ɗaya kan rikita lissafi. Majema tana raba wa dilolin fata kuɗi su shiga ƙauyuka da mahautai su tattaro mata fatun awaki da tumaki, musamman gab da babbar salla. Wannan kuɗi da aka bayar, an kashe shi ne ko yana nan? A wurin mai lissafin ka, kuɗi ya fita, shi ke nan. A harshen akanta kuwa dukiya ce ta kamfani da ke hannun wani, kuma za ta ci gaba da zama haka har fata ta iso, in kuma dila ya yi shekara biyu bai kawo fata ba bai dawo da kuɗi ba, sai a yi ta maza a rubuta cewa wataƙila wannan ya tafi. Haka fatar da ke cikin gangar jima, wadda ta bar matsayin ɗanya ba ta kuma kai ga sayarwa ba, tana da nata ƙimar da ake ƙiyastawa. Bankin da zai ba majema kuɗin fitar da kaya zuwa Italiya ko Sifen waɗannan lambobi yake dubawa. In ba a ba shi ba, sai ya nemi takardar fili ko gida, domin ba wanda ke cinikin biri a sama. Yawancin kukan da muke yi cewa bankuna, har da Bankin Masana'antu na BOI, ba sa ba 'yan Arewa rance yana da gaskiya a ciki, amma wani kaso na matsalar shi ne muna zuwa da labari a inda ake tambayar lamba.

Abin ya fi tsanani ga masu gudun kuɗin ruwa, kuma su ne mafiya yawa a cikinmu. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kano na cikin rassansa uku na farko, TAJ kuma ya biyo baya a 2019. Mutane da dama sun ɗauka da zuwansu za a riƙa haɗa jari da masu masana'antu ana raba riba da asara. To amma ta yaya za a raba ribar da ba a yi ittifaƙi a kan yadda ake auna ta ba? Mai ba da bashi da ruwa bai damu sosai da ribarka ba, nasa dai ya dawo da ƙari. Abokin tarayya kuwa, a musharaka ko ƙirali, rabonsa yana rataye ne a kan littafinka. Wannan na cikin dalilan da suka sa irin waɗannan bankuna, a nan da sauran ƙasashe, suka fi karkata ga murabaha, wato su sayi kaya su sayar maka da ƙarin da aka sani. Akwai ma hukuma sukutum a Bahrain, AAOIFI, da aka kafa a 1991 don tsara ƙa'idojin lissafin mu'amalar Musulunci. Ita kanta zakka, wadda babu Alhajin da zai ce ba ruwansa da ita, rahoton kuɗi take nema. A mazhabarmu ta Malikiyya, ɗan kasuwar da hajarsa ke juyawa kullum zai ƙimanta kayan sayarwarsa in shekara ta zagayo, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran a biya shi, ya duba bashin da ke kansa, sannan ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari, injin da gini kuwa ba sa ciki. Wanda ya yi wannan da gaske ya riga ya yi rabin aikin akanta.

Inda rashin wannan harshe ya fi zubar da hawaye shi ne ranar rabon gado. Dokar kamfanoni ta ɗauki kamfani a matsayin mutum mai zaman kansa, dabam da mai shi, kuma sabuwar dokar 2020 har ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani shi kaɗai. Amma a aikace aljihun maigida da asusun kamfani rijiya ɗaya ce. Daga nan ake biyan kujerar Makka, da kayan ɗakin amarya, da dizal ɗin janaretan gida, ba tare da an rubuta ko rance ne, ko albashi, ko rabon riba ba. Muddin yana raye babu matsala, domin littafin yana cikin kansa. Ranar da ya kwanta dama, an binne littafin tare da shi. Sai masu bin bashi su fito, na gaskiya da na ƙarya, waɗanda ake bi kuma su yi shiru. Magada ashirin ko talatin, daga ɗakuna uku ko huɗu, babu wanda ya yarda da lissafin babban wa, saboda babu lissafin da za a nuna. Alƙali ba shi da abin da zai raba sai abin da ido ke gani, sai a yi wa fili da injuna kuɗi a sayar, ma'aikata ɗari su koma gida. Da akwai rahoton da kowa ya yarda da shi, da hannun jari za a raba, kowa ya karɓi rabonsa na shari'a a takarda, injin kuma ya ci gaba da juyawa.

Sai kuma laifinmu, mu masu sana'ar. Sirri ne da kowa ya sani cewa akwai kamfanonin da ke da littafi uku: na ma'aikatan haraji mai nuna asara, na banki mai nuna riba, da na maigida wanda ake zaton shi ne na gaskiya. Akanta ne ke rubuta su, wani lokaci kuma mai binciken kuɗi ya buga hatimi a kan abin da bai duba ba. Harshen da kowa ke ƙarya da shi yakan mutu, domin banki zai daina gaskata rahoto ko da na gaskiya ne, jami'in haraji kuma ya koma yanka wa kowa haraji da ka, mai gaskiya ya biya kuɗin laifin maƙaryaci. Kuma ba cutar ƙananan kamfanoni ba ce kawai. A 2006 aka gano cewa an yi shekaru ana kumbura alƙaluman kamfanin Cadbury na Najeriya da biliyoyin naira, kamar yadda Enron ta Amurka ta rushe a 2001 ta ja kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen suka nitse tare. Na fahimci mai masana'antar da ke cewa yawan haraji da jami'an da ke sintiri a ƙofarsa ne suka koya masa ɓoyo. Sai dai ya sani cewa sauƙin da doka ke bayarwa ma da littafi ake karɓar sa. Lokacin da dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, wanda ya iya nuna cinikin nasa a rubuce ne ya amfana. Haka dokar 2020 da ta sauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin ɗaukar mai binciken kuɗi ba ta sauke musu wajabcin ajiye lissafi ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na malami shi ne, mun bar wannan harshe a cikin Turanci kacokan, alhali da yawa daga masu dukiyar da ake lissafawa da Hausa suke tunani. Ɗalibanmu da ke zuwa sanin makamar aiki a waɗannan rukunoni sukan dawo da labari iri ɗaya: an ɗauki akanta, an ba shi ofis da kwamfuta, amma aikinsa bai wuce rubuta rasit da shirya takardun ƙarshen shekara ba, rahoton kuma maigida zai sa hannu a inda aka nuna masa ya jefa a durowa. Mutumin da zai iya gaya maka farashin buhun riɗi a Dawanau na shekara biyar baya ba za a ce lamba ce ta gagare shi ba. Tafinta ne bai fassara masa ba, mu kuma ba mu koya wa tafintan yin hakan ba. Muna yaye matasa da za su iya kawo ƙa'idar IFRS da ka a jarrabawa, amma in ka ce su bayyana wa kawunsu bambancin riba da tsabar kuɗi a cikin Hausa sai su fara inda-inda.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da akanta, tana da cibiyar nazarin harsunan Najeriya wadda ta fitar da ƙamusun Hausa a 2006, ƙungiyar masu masana'antu ta MAN kuma tana da reshen Sharaɗa da Challawa da kuma na Bompai. In waɗannan suka zauna da rassan ICAN da ANAN na Kano, za su iya tsayar da kalmomi ɗari ko ɗari biyu da kowa zai riƙa amfani da su, sannan a saba wa akantoci haɗa shafi guda na Hausa a gaban kowane rahoton wata: abin da muka sayar, abin da ya ci mana, abin da ke hannu, abin da muke bi, abin da ake bin mu, da abin da maigida ya ɗiba. Aikin zai fara ne daga kalmar bashi kanta, wadda muke amfani da ita ga wanda muke bi da wanda ake bin mu, alhali a littafi ɗaya tana dama ɗaya tana hagu. Sai kalmar jari, wadda a bakin ɗan kasuwa takan haɗa da kuɗin da ya ranto, a wurin akanta kuwa abin da ya rage ne bayan an cire na mutane.